Shehun Ɗana da Malamin Mai Lambu

Ku gyara zama. Mai goyo ta jijjiga ɗanta ya yi shiru, mai tsintar shinkafa ta ture faifai gefe. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, da ƙafafuna na taka ta. Tun da na sauka kuke sintiri a ɗakin nan: Inna Yalwa yaya Jidda, Inna Yalwa kin ga teku, Inna Yalwa me ya sa kika dawo fuska a ɗaure kamar ba daga ɗakin Allah kike ba. Na gaji da ba ku guntu-guntu. Yau zan faɗe ta gaba ɗaya, jikata Rabi tana rubutawa. Wadda ba ta zo ba a karanta mata, kada a sake tambayata.

Umara na je, Allah ya karɓa, amma a ƙarƙashin umarar akwai wata tafiya. Ɗana na fari, wanda kun san bakina bai taɓa kama sunansa ba, Babba nake ce masa tun yana zanen goyo, ya tafi aikin hajji ya maƙale a can ba takarda. Ya bar matarsa Bilki da 'yarsu Hajara da kuma ciki. Yaron da aka haifa, Sadiƙu, har ya yi famfara bai ga ubansa ba. Da farko Babba yana kira, yana aike. Daga baya duk kiran ya koma magana ɗaya: Shehu bai ba da izini ba tukuna. Wane Shehu? Wai wani malami ne a unguwar Ruwais ta Jidda, mutumin ƙasarmu, ya tara mutane yana ce musu akwai wani sirri da zai ba su idan sun nuna, wanda kuwa ya tafi ba da izininsa ba ya zubar da duk hidimar da ya yi.

Ana nan sai uban Bilki ya zo zauren gidan nan, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Yalwa, ba rashin mutunci ba ne. Yarinyar nan ba ta ga aure ba, ba ta ga zawarci ba. In Babbar Sallah ta wuce bai dawo ba, zan kai maganar gaban alƙali a raba." Na ce gaskiyarka, da 'yata ce da tuni na kai. Autana Garba ya sayar da bijiminsa ya biya mini kujera. To kun ji abin da ya kai ni: in dawo da Babba kafin layya, ko gidansa ya mutu.

Motar da ta ɗauke mu zuwa Kano ta yi ta mutuwa a hanya, direba yana fita yana tsotsar mai da baki yana tofarwa. A filin jirgi aka nuna mini wata matakala mai tafiya da kanta, aka ce in hau. Na ce ni ba na hawa abin da bai jira ni ba, na zaga na bi ta siminti. A cikin jirgi kunnuwana suka toshe, aka kawo abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara. Na shiga bayi na taɓa wani abu, ya yi gurnani kamar zai haɗiye ni da zanena, na fito ina salati. Wata mata 'yar Gaya da ke kusa da ni ta yi dariya har da hawaye. Ba mu sake magana ba har muka sauka.

Da muka sauka aka jera mu, kowa ya ɗora yatsu a kan wani gilashi mai haske. Nawa suka ƙi fita. Ga lalle, ga aikin turmi da dutsen niƙa tun ina yarinya, zanen ya gama shafewa. Wani saurayi mai kaki yana ta cewa "hajja, hajja," yana danna mini hannu kamar mai matsar ƙuli. Na ce da shi da Hausa, ɗan nan, yatsun da suka ciyar da gida guda ne, ba su da lokacin ajiye zane. Da ƙyar aka sake ni. Masu binciken kaya suka kwashe goron da na ɗauro wa Babba, farare tas, wai ba a shiga da shi. Suka kwance ƙullin daddawata, ɗaya ya shinshina ya ja da baya yana atishawa, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shinshina, suka ɗaure mini abina da sauri suka ce in wuce.

Zancen Makka ba zan tsawaita ba, abin da ido ya gani a can ba na baki ba ne. Na yi ɗawafi, na yi Safa da Marwa, na riƙe sunan yaron nan a zuciya ina kai kukana. Abin da na fito da shi a jiki shi ne ƙafafu kumburarru, takalmina da ƙyar yake shiga. Ku riƙe maganar ƙafafun nan, za mu dawo gare su.

A Jidda na sauka unguwar Bagdadiyya, gidan wata Zainabu. Kakarta 'yar garinmu ce, ita kuwa a can aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. "Khala" take ce mini, wato inna. Ɗakin can ƙololuwar bene, ga na'urar sanyi tana ruri tana ɗigar da ruwa, kwana kaɗan mura ta kama ni a ƙasar da rana ke gasa ƙwai. Mutanen gidan kowa ƙofarsa a kulle. Ka yi mako ba ka ji sallamar maƙwabci ba, ba mai aiko yaro ɗiban wuta, ba mai leƙowa ya ce ina gajiya. Da safe wake dafaffe da aka dame da mai, da wani burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa tsirara, an ɗora mata kaza a ka, ba miya. Na ce Zainabu, wa ya mutu da ake cin shinkafa ba miya? Na sa ta samo kuka, na kaɗa da daddawata. Ranar na san akwai Hausawa a benen nan, don ƙofofin da ba sa buɗuwa duk sun buɗe, kowa da ɗan kwanonsa yana "sannu da zuwa Hajiya."

Shi kuwa wanda na zo dominsa bai zo ba. Ya aiko cewa Shehu na da baƙi. Na kwana, na wuni, na sake kwana. Da ya ga dama ya zo, sai ga mutum ya rame kamar kara, gemu ya fara fari, carbi har cibiya. Ya durƙusa can bakin ƙofa ya gaishe ni. Na miƙe ƙafafuna a gabansa kamar tulu biyu, bai ko dube su ba. Na faɗa masa saƙon surukinsa.

Ya ce, "Inna, na kusa. Shehu ya ce na kusa nuna. In na tafi yanzu komai ya zube."

Na ce, "Gidanka fa? Shi ba ya zubewa?"

Ya ce, "Sai an ba da izini, Inna." Ya dubi agogo ya ce zai tafi, Shehu zai fita, kuma shi ne mai riƙe masa takalmi. Da alfahari ya faɗe ta, kamar an naɗa shi sarauta.

Ya tashi ya fita. Zainabu ta ce, "Khala, khalas, kada ki yi kuka. Bukra, gobe, ki bi ni wurin aiki. Gida ɗaya muke aiki da shi, a can ba shi da wurin gudu."

Gidan yana Abhur, can arewa bakin teku, inda masu hali suke gina gidajen hutu. Zainabu tana shara da goge-goge, Babba yana gadi da wanke motoci, masu gidan kuwa sun yi tafiya. Muna shiga ƙofa na ga wani baƙin mutum siriri, mai furfura a gefen kai, yana ba shuke-shuke ruwa. Ba'indiye ne, Gofal sunansa, shi ne mai lambun gidan. Zainabu ta ce masa wani abu da Larabci tana nuna ni. Sai mutumin nan ya yar da tiyo, ya goge hannu a riga, ya taho da sauri, ya sunkuya ya taɓa ƙafafuna duka biyu, ya kai hannun goshinsa, ya kai ƙirjinsa.

Jama'a, kun san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum a garin nan. Kun san yadda aka ɗebi ta Ladi mai ƙosai ta yi shekara tana jan ƙafa. Ga ni a baƙuwar ƙasa, ƙafa a kumbure, ga wanda ba ya salla ya shafi ƙurar ƙafata ya shafa a goshi ina ji ina gani. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na sauke masa a tsakiyar baya ba. Ina duka ina cewa, "Ya ɗebi sawuna! Babba, fito, ya ɗebi sawuna! A kama hannunsa a wanke!" Na sa ƙafa ina shafe duk inda na taka tun daga ƙofa.

Zainabu ta zube a kan ciyawa tana riƙe da ciki. "Ya khala! Haram alaiki, kin kashe bawan Allah! Wallahi ba sihiri ba ne. Haka suke gaida uwa a ƙasarsu, da uba, da malami. Yana neman albarkarki ne, ya'ani, ke kuma kin ba shi takalmi!"

Gofal ya tsaya yana sosa baya yana murmushi, ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji. Ni ban yarda ba. Sai da na sa ya wanke hannu da tiyo a gabana, ruwan ya bi rariya, sannan na zauna. Babba ya fito daga rumfar motoci ya ce, "Inna, kin ba ni kunya." Na ce, "Au, kai ne mai jin kunya yau?" Ya koma wurin sosonsa.

Da rana ta take, Gofal ya kawo mana shayi mai citta a inuwar wata bishiya, ya miƙa wa Zainabu ɗan kwalban mai mai ɗumi ya ce ta shafa mini a ƙafa. Ya ce tun shigowata ya ga kumburin, haka ƙafar uwarsa take yi. Na ce sai ya fara shafawa a tasa. Ya shafa. Na bari aka shafa mini, ina karanta abin da na iya. Ƙofar ɗakinsa tana buɗe, na hango akwati a buɗe, a cikin murfin an manna hoton wani tsoho mai farin gemu zaune a tabarma, an ajiye masa fure fari a gaba. Na ce Zainabu ta tambaye shi ko ubansa ne. Ya ce a'a, guru ɗinsa ne, wato malaminsa na addininsu, wanda ke fitar da mutum daga duhu. Na yi tsaki na ce, to, ga wani ma. Ashe ciwon ya game duniya. Na ce ta tambaye shi, shi ma nasa ya hana shi zuwa gida ne?

Ya yi dariya ya girgiza kai. Ga abin da ya faɗa, Zainabu tana juya mini.

Ya ce yana saurayi ubansa ya mutu, duniya ta fita daga ransa, ya tafi wurin tsohon nan ya faɗi a ƙafafunsa ya ce ya zo ke nan, ba zai koma ba. Tsohon ya tambaye shi, wa ka bari a gida? Ya ce uwata. Tsohon ya ce wa zai ɗebo mata ruwa gobe? Tashi ka koma, a wurinmu uwa ce farko, sannan uba, sannan malami, ba na karɓar abin da aka sato daga hannun uwa. Ya koma, ya sake dawowa, aka sake korarsa. Sai da uwar ta taka da ƙafarta ta ce ta yarda, sannan aka bar shi ya zauna.

Ya ce da ya zauna ma ba a koya masa komai ba da farko, sharar garken shanu aka ba shi. Amma tsohon ma da tasa tsintsiyar. Ya ce masa, ina kallonka in ga ko za ka iya ɗauka, kai ma ka kalle ni. Ka duba ko ina da fushi, ko ina da kwaɗayi, ko abin da nake faɗa a gaban jama'a shi nake yi in sun watse. In ka ga akasi ka ɗauki jakarka, ba laifi a kanka. Ya ce tsohon ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya samu. Kuma bai taɓa cewa ilimin nasa ba ne. Shi ma yana da malami, malamin ma yana da malami, har takalman katako na malaminsa yana ajiye da su a wuri mai tsabta, yana cewa ni mai riƙon amana ne kawai.

Na ce, sirrin fa? Su ma ana ja musu rai da sirri? Ya ce akwai wasu kalmomi da malami ke raɗa wa ɗalibi a kunne, ya riƙa maimaitawa har mutuwa. Da lokaci ya yi aka raɗa masa nasa. Washegari tsohon ya ce, to ka samu abin da zan iya ba ka, saura aikinka ne. Tafi ka yi aure, ka nemi abinci, ka riƙe uwarka. Ya yi kuka ya ce a bar shi ya ƙara zama, aka ce a'a. Yanzu sau ɗaya a shekara, ranar da wata ya cika a cikin damina, ɗalibai suke komawa gaishe shi da ɗan 'ya'yan itace, na nesa su kira a waya. In ya kira, kafin komai tsohon zai tambayi gwiwar uwarsa, ya tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

Na ce, to duk malamanku haka suke? Ya ce ina! Macuta sun fi yawa, masu manyan motoci da taron jama'a, su cinye mutum da gonarsa. Shi ya sa ake cewa a duba kafin a miƙa wuya. Sannan ya rage murya ya dubi rumfar motoci, ya kira Babba da sunansa na yanka, ya ce mutumin kirki ne, amma kullum da azahar yana zuwa bayan tankin ruwa ya fito da hoton Hajara da Sadiƙu ya yi ta kuka. Haka ya faɗi sunayen jikokina, daram, da bakinsa na Indiya.

Ku ji inda fushina yake, don kada ku ce Yalwa ta je ƙasa mai tsarki ta dawo tana yabon masu gumaka. Addininsa nasa ne, ban taɓa shi ba, ina roƙa masa shiriya. Amma wace magana ya faɗa wadda limamin garin nan bai faɗa ba a kan haƙƙin uwa da haƙƙin iyali? Wace ce? Mu ma muna da malamai na Allah, na zauna a bayan zaurensu, na ga yadda suke sallamar ɗalibi da addu'a in ya sauke. Abin da ya ƙona ni shi ne a ce a nan, tafiyar ɗan lokaci kaɗan zuwa ɗakin Allah, sai a bakin mai ba fure ruwa, wanda ko Makka ba a barinsa ya shiga, zan ji abin da ɗana mai carbi har cibiya ya manta. Yara nawa aka kawo ɗakin nan na yaye? Kun sani. Uwar da ta fi kowa son ɗanta ita ke shafa maɗaci a nono ta miƙo mini shi yana ihu. Wadda ta bar ƙato yana tsotso har ya yi gemu, ba don shi take yi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ce Zainabu ta kai ni Ruwais. Tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, warin teku da na kifi. Ƙofar gidan Shehu takalma ne tuli kamar kasuwa. Wani ya tare ni ya ce mata ba sa shiga. Na ce ni ba mace ba ce, uwa ce, matsa. Na tuɓe nawa na jefa cikin tulin na kutsa.

Ɗaki ne babba, darduma mai laushi, turare kamar hazo. Maza sun cika shi, kai a sunkuye. Shehu yana kan kujera, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyan fuska da sanyin murya, da a hanya na gamu da shi da na ce ya sa ni a addu'a. A gefen ƙafarsa ga Babba a durƙushe, ya rungume takalman mutumin a cinya, an naɗe su da farin ƙyalle.

Na gaishe shi yadda ake gaida malamai, don ba a haife ni a daji ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce a ba yaron nan izini ya je ya tsayar da gidansa.

Ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ɗanki ya yi nisa, ya kusa nuna. In aka tsinke shi yanzu an yi asara. Mace ana samun wata, wannan abin ba a samunsa ko'ina."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni jahila ce, tambaya zan yi. Tun da ka zauna a kujerar nan, wa ya taɓa nuna? Nuna mini mutum ɗaya da ka ce masa ya isa, tafi gida."

Wani dattijo a jikin bango, gemunsa fari fat, ya ɗago ya dube ni ya mayar da kai ƙasa. Daga baya Zainabu ta ce mini da baƙin gemu ya shigo gidan.

Shehu ya ce, "Waɗannan al'amura ba na mata ba ne."

Na ce, "To ga na mata. Wannan da ke rungume da takalminka shekara da shekaru, 'ya'yansa nawa?"

Ya ce, "Duk 'ya'yana ne, ba na ƙirga su."

Na ce, "Ya sunansa?"

Ya dubi yaron nan sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Hajiya. Musa mana. Ko ba haka ba, Musa?"

Sai na ji ɗana, wanda na yi naƙudarsa kwana da wuni a ɗakin uwata, ya ce, "Na'am, Shehu."

Ashe tun ranar da ya zo mutumin ya laƙa masa sunan wani, shi kuma ladabi ya hana shi gyarawa, yake ta amsawa. Ba Musa aka raɗa masa ba. Ina kwance a bayan labule ranar suna na ji liman ya faɗa, na ji maroƙi ya ɗaga, aka yanka rago. Tun daga ranar na rufe bakina a kan sunan nan saboda kunyar ɗan fari, yadda uwata ta yi, yadda uwarta ta yi. Ko wani yaro mai irin sunan ya shigo gidan nan, "mai sunan Babba" nake cewa. Na riƙe shi a ciki fiye da shekara arba'in kamar ƙwai a tafin hannu, shi kuwa ya yar da shi a ƙofar wani don a bar shi ya riƙe takalmi.

Na buɗe baki a gaban maza cike da ɗaki, na kira ɗana da sunansa na yanka, da ƙarfi, har da na ubansa. Kada ku zuba mini ido, ba zan maimaita ba, kun san shi. Na ce, "Wannan shi ne sunanka. Ba'indiye mai lambu ya san shi, ya san na 'ya'yanka. Yau ka sa na faɗi abin da na yi niyyar shiga kabari da shi. In Musa ne kai, zauna, ban haifi Musa ba."

Ya ɗago kai ya dube ni baki buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci da mari. Bai motsa ba. Na juya na fita.

A ƙofa na duba tulin takalman nan, ido ya cika da hawaye, ban ga nawa ba. Na ce a bar su. Na taka kwalta da ƙafa tsirara, kumburarriya, ga zafin da rana ta bari kamar tanda. Zainabu tana bina tana "khala, istanni, tsaya mana!" Ban tsaya ba sai da na kai bakin lungu, ƙafa ta ƙi. Na dafa bango. Sai na ji gudu a bayana. Na ce ko an aiko a kama ni ne, su zo.

Shi ne. Ba farin ƙyalle a hannunsa. Tsofaffin silifas ɗina ne ya tono daga cikin tulin. Ya durƙusa a kan kwaltar, ya ajiye su a gabana, ya kama ƙafata zai sa mini, sai ya tsaya. Ya ce, "Inna, yaushe ƙafarki ta kumbura haka?"

Na ce, "Tun ranar da ka zo gaishe ni kana duban agogo."

To, ga yadda kowa ya ƙare. Ni na riga shi tahowa da jirginmu. Shi da yake ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, sai ya miƙa kansa inda ake tara marasa takarda, ya sha zaman jira, aka ɗauki yatsunsa aka ce kada ya sake dawowa, aka sako shi a jirgi da jaka ɗaya. Ya iso ana saura kwanaki a yi layya. Uban Bilki bai je gaban alƙali ba. Bilki tana ɗakinta, tana dafa masa tana ajiyewa, amma har yau ban ji dariyarta ba, kuma ban ga laifinta ba. Hajara ta saba da shi. Sadiƙu kuwa "baƙon Inna" yake ce masa, in ya miƙa hannu yaron ya ɓuya a bayana. Garba bai mayar da bijiminsa ba, bana da jaki ya yi huɗa. Zainabu tana kira tana cewa benen ya koma shiru tun da daddawa ta ƙare. Shehu yana nan a kujerarsa, an ce kafin mako ya zagayo an sami wani mai riƙe takalmin, ban sani ba ko shi ma Musa ne. Dattijon nan mai farin gemu yana jikin bangonsa yana jiran ya nuna.

Gofal, ranar da na je sallama ya sake sunkuyowa. Na ce a'a, tsaya, mu ba ma sunkuya wa kowa sai Allah. Na ba shi ragowar kukata, na ce Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka, ya ba uwarka lafiyar gwiwa. Zainabu ta ce kwangilarsa ta ƙare ya koma gida, ya sami tsohon malamin nasa da rai.

Ni kuwa ƙafa ta saɓe, zuciya ba ta saɓe ba. Kuna cewa in yi murna tunda ya dawo. Na gode wa Allah. Amma abin da na ajiye tun ina amarya an sa na fasa shi a ɗakin wani ƙato, a gaban maza, kuma ba ya ɗinkuwa. Jiya ya shigo gaishe ni da safe, ya zauna yana murza hula, ya ce, "Inna, ki sake kira na da shi mana, ko sau ɗaya." Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, Babba."

Nan na sauke ta. Rabi, ajiye alƙalamin, kowa ta ɗauki faifanta.